Kwalliyar da madubi ya yaba, filasha ta tona mata asiri

Hotunan dinata sun haura ɗari uku, amma waɗanda zan iya nuna wa mutane ba su kai ashirin ba, su ma ɗin ko daga nesa aka ɗauka ko ina sunkuye. A sauran, ƙasan idona da tsakiyar goshina da haɓata fari ne fat, kamar wadda ta leƙa injin niƙa, wuyana da hannuwana kuwa suna nan da kalarsu ta Allah. Da aka miƙa wa Gwaggona waya, ta gyara zaman tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya watsa miki gari a fuska?" Aka yi dariya, ni ma na taya, amma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Abin da ya fi ƙona min rai, ba rashin shiri ba ne. Wata biyu na yi ina tara hotunan amare daga Instagram, na raba su gida uku: na kamu, na yini, na dina. Kamu da yini ba su ba ni wahala ba. A kamu lafaya na naɗa, rabin fuskar ma a lulluɓe take, don haka fandeshon marar nauyi, kwalli, jagira da jambaki kalar ƙasa suka wadatar. Yini kuwa da rana ne a tsakar gida cikin iyaye, ga leshi mai duwatsu, ga ashoke, ga sarƙa. In kaya da ɗauri sun riga sun cika ido, fuska sai a sassauta mata, kuma tsakanin ido da baki a zaɓi guda a ƙarfafa. Haka aka yi, kuma ya yi kyau. Dina ce na ce a yi min mai gaba ɗaya: ido mai duhu da ƙyalƙyali, gashin ido, ƙasan ido ya haska, kumatu su fito, hanci ya miƙe.

Kuma na je gwaji, na biya kuɗinsa daban. Ƙarfe sha ɗaya na safe, a shagon Anti mai kwalliya, gaban fitilar nan mai kama da zobe. Ta gama, na kalli madubi, na juya dama na juya hagu, aka yi min bidiyo, ƙawata ta ce ai magana ta ƙare. Babu wadda ta yi tunanin kashe fitila a kunna filasha. Kwalliyar da za a shiga da ita zauren biki ƙarfe tara na dare, muka gwada ta da hantsi.

Sai daga baya na gane yadda abin yake. Fitilar zobe haskenta mai laushi ne, a tsaye yake, yana bazuwa ko'ina a fuska, shi ya sa kowa ke kyau a gabanta. Filashar mai hoto kuwa duka ɗaya take yi, da ƙarfi, kai tsaye, a wuri mai duhu-duhu. Akwai sinadaran da ba sa shanye irin wannan hasken, mayar da shi suke yi cikin kyamara: silika, wadda ke cikin farar hodar nan mai laushi kamar gari da ake rubuta wa HD, sai zink oksayid da titaniyam dayoksayid, waɗanda ake samu a wasu mayukan kare fata daga rana da wasu fandeshon masu SPF, wato ma'aunin kariya daga rana. Da ido ba za ki ga komai ba. Filasha na haskawa, duk inda suka taru sai ya fito fari, kuma gwargwadon duhun fatarki, gwargwadon yadda zai fito fili.

Ni kuwa hawa uku na tara. Na farko da hannuna na yi: da azahar na shafa man kare rana mai SPF 50, saboda an ce min fatar da ta sha dilka ba ta son rana. Gaskiya ne, amma wace rana ce a dina? Na biyu kansila ce, wato abin da ake shafawa a rufe tabo da duhun ƙasan ido. Na nace sai ƙasan idona ya haska kamar na hoton da na nuna, sai aka sa min wadda ta fi fatata haske da mataki uku, aka ja ta tun daga ƙasan ido har gefen hanci. Na ukun shi ya ƙarasa ni: aka dumbuza farar hoda da soso a kai, aka bar ta tana zaune yayin da ake aikin ido, aka amsa waya, aka nemo gam ɗin gashin ido. Ta yi kusan minti goma sha biyar. Da aka share da burushi, ta sama ce ta tafi, wadda ta kama kansilar ta zauna daram.

Yadda ya kamata a yi ba wani abu ne mai wuya ba, shi ya sa ma yake ba ni haushi. Kansila kada ta wuce mataki ɗaya ko biyu a haske, kuma a tsaya da ita a kusurwar ido ta ciki da ɗan gefen waje, a baza. Hodar da za a danne ta da ita ta zama mai ɗan rawaya ko mai kalar fata, ba fara ba. In za a bar ta ta zauna, minti uku zuwa biyar ya isa, a share da babban burushi sosai, sannan a bi duk wurin da hoda mai kalar fuskarki, a fesa ruwan kama kwalliya a bar shi ya bushe da kansa. Kwalliyar dare kuma ba ruwanta da man kare rana. Ki juya kwalbar ko gwangwanin ki karanta bayansa. In sunayen sinadaran nan da na ambata suna farkon jeri, a ajiye shi sai kwalliyar rana.

Gwajin da zai tona duk wannan bai kai minti biyar ba. Bayan an gama, ki jira kamar minti ashirin kwalliyar ta zauna. A shiga ɗaki a kashe fitila, a saki labule. Wata ta riƙe waya da kyamarar baya, filasha a kunne, kowace filta mai gyara fuska a kashe. Ta ɗauka daga taku ɗaya, ta ja baya taku uku ta sake, sannan ki juya gefe. A tabbata wuya da hannu sun shiga hoton, domin da su ake gane bambanci. In kika ga fari ko toka-toka, a nan za ku zauna ke da mai kwalliya ku cire abu ɗaya-ɗaya har a gano mai laifin. Daga nan ki fita da kwalliyar, ki wuni da ita awa biyar ko shida, ki ci abinci, ki yi gumi, ki ga inda take fara tsagewa. Ni ina komawa gida na wanke tawa, wai kada 'yan gida su riga ganin salon.

Akwai abu na biyu da ya taimaka wa ɓarnar: lokacin da na yi gwajin. Mako uku kafin biki na je, ban fara gyaran jiki ba. Bayan nan na shiga dilka da halawa da turaren jiki, ga kurkum, ga zaman ɗaki ba fita rana. Fatar da ta koma shagon ranar dina ba ita ce aka auna ba, ta yi haske ta kuma ja rawaya. Fandeshon ɗin da muka zaɓa ya yi min duhu, sai Anti ta haɗa da mai haske nan take, a ido, a gaggauce, ana ta kiran waya cewa motoci sun iso. Salo kam ki zaɓa da wuri, amma kala a bari sai gyaran jiki ya yi nisa, kamar saura kwana biyar zuwa bakwai. Kuma a muƙamuƙi ake gwadawa a gangaro wuya, ba a bayan hannu ba: layi uku kusa da juna, a jira minti goma zuwa sha biyar saboda wani fandeshon yana ƙara duhu in ya sha iska da maiƙon fata, sannan a fita waje a duba. Wanda ya ɓace a fata shi ne naki. Kada ki yarda da zancen wai babu kalarki. Tun 2017 da Fenty Beauty ta fito da kala 40 a tashi ɗaya, kamfanoni suka shiga faɗaɗa nasu, ga kuma na gida irin su Zaron da House of Tara waɗanda dama can don fatarmu aka yi su. Mai kwalliyar da ke da kwalba uku kacal tana haɗa wa kowa, ki yi tunani.

Tunda na taɓo gyaran jiki: halawa a fuska da gyaran gira a gama su saura kwana huɗu ko biyar, saboda fatar da aka cire wa gashi jiya takan yi ƙuraje, kuma fandeshon ba ya kama ta daidai. Baƙin lalle a ɗiga kaɗan a cikin hannu a jira awa 48, don rinin gashi ake sa masa kuma yana kumbura wasu. Haka gam ɗin gashin ido, musamman mai roba a ciki. Sabon mai kuwa, komai yabon da aka yi masa, ba a fara shi a makon biki.

Yanayi ma yana da ta cewa a zaɓin salo. Bikina a hunturu ne, fata a bushe, leɓe na tsagewa, kuma hoda mai yawa a kan busasshiyar fata ita ke ƙara fito da farin nan da layukan ƙasan ido. A irin wannan lokaci mai ake fara shafawa sosai, a ba shi minti goma ya shiga, a rage hoda, jambaki kuma kada ya zama mai bushewa ƙam sai an yi kwanaki ana gyara leɓen. Mai biki a Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, nata akasin haka ne: firaima mai hana maiƙo a goshi da hanci, fandeshon siriri hawa biyu maimakon mai kauri hawa ɗaya, sai tishu a hannun ƙawa. Gumi dannawa ake yi a ɗauke, ba a gogewa, kuma ba a ƙara hoda a kan jiƙa, nan take take dunƙulewa.

Sai lissafin salla, wanda masu hotunan Instagram ba sa faɗa. Cikakkiyar kwalliyar amarya tana cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ɗaurin kai ya ci wani rabin awa. In an fara ƙarfe huɗu, magariba da isha suna gabanki. Ko dai ki yi alwala kafin a taɓa fuskar ki riƙe ta, ko a tsara a fara bayan magariba. Ni na biyun na zaɓa, shi ya jawo gaggawar da ta hana kowa tsayawa ya duba. Ranar kai amarya kuwa ba sai an faɗa ba: za ki yi kuka ko kin rantse ba za ki yi ba, don haka maskara da gazal marasa bin ruwa, gashin ido gajere, ƙasan ido a bar shi sakayau.

Duk da haka, da mutum ɗaya ya yi magana da an tsira. Mai hoton ya ga farin tun hoton farko a allon kyamararsa, a bakin mota. Da na tambaye shi daga baya, cewa ya yi, "Wallahi Hajiya na ɗauka haka kike so, amare da yawa haka suke zuwa." Gyaran bai fi minti biyu ba: babban burushi a share, a danna hoda mai kalar fata, a fesa ruwa. Hodar tana cikin jakar ƙawata duk daren, ba a buɗe ta ba. Saboda haka kafin ki sa ƙafa a zauren, ki tsayar da mai hoto, ya ɗauke ki sau ɗaya da filashar da zai yi aiki da ita, ya juyo miki da allon ki gani da idonki. Ki kuma faɗa masa tun kafin ranar cewa in ya ga wani abu ya yi magana, ba za ki ji haushi ba.

Na biya an gyara min guda talatin a kwamfuta. Farin ya ragu, amma fuskar ta koma sumul kamar ta 'yar tsana, har ɗan tabon gefen girata da kowa ya san ni da shi ya ɓace. Hoton da ke rataye a falona yanzu na ranar yini ne, wanda ƙanwata ta ɗauka da wayarta a tsakar gida wajen ƙarfe biyar na yamma, da kwalliyar da ban ma yi wa gwaji ba.