Wata uku ina koya wa kwamfuta yoyo a matsayin lafiya

Har yau in na tuna tiyon nan sai raina ya sosu.

Bayan kuɗin wutar Band A, wato rukunin da aka fi bai wa wuta a rana, ya koma naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wani Alhaji mai injin casar shinkafa a bayan garin Birnin Kebbi ya kira ni. Bil ya ishe shi, yana son sanin inda wuta ke zurarewa. Muka ɗaura ƙananan mitoci a layin busarwa, da na casa, da na kwamfaresar da ke bai wa injin tsince baƙar ƙwaya iska. Duk minti 15 suna turo lissafi.

Da TensorFlow, wani kayan aikin gina manhajoji masu koyo, na haɗa manhajar koyo mai zurfi, irin wadda ake ba ta bayanan lokacin da komai ke daidai ta haddace, in ta ga abin da ya saɓa ta yi kururuwa. Na zuba mata bayanan wata uku. A nan na yi wa kaina. Ban tambayi kowa ba ko a watannin nan injinan lafiyarsu ƙalau, kawai na ɗauka haka ne.

Manhaja ta yi tsit har wata biyu, bil kuma bai sauka ba. Alhaji ya fara yi mini wani irin kallo.

Wani dare bayan an tashi aiki, tsohon makaniken wurin ya ja hannuna. "Injiniya, zo ka ji." Babu abin da ke juyawa, amma kwamfaresa sai ta tashi, ta mutu, ta sake tashi. Ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani, ya shafa a mahaɗar tiyo, kumfa ta taso fal. Na ce, "Baba, tun yaushe?" Ya ce tun kafin mu ɗaura mitocin.

Wato yoyon yana cikin bayanan da na koyar da ita. Ta haddace shi a matsayin halin kwamfaresa, to me zai sa ta yi ƙara? Aƙalla wata biyar ana biyan kuɗin iskar da ke fita a banza, biyu daga ciki manhajata na nuna komai daidai. Wannan biyun ne suka fi ci mini rai.

Yanzu ba na taɓa kwamfuta sai na zauna da makanikai sun gaya mini ranakun da wani abu ya lalace, in cire su. Lokacin sallar Juma'a, da an kashe injina, ina duba mita in ga ko akwai abin da ke cin wuta. Bayanan kaka daban nake koyarwa, don shanshera ta yi yawa injin ba ya hutawa, haka ma sa'o'in janareto.

Da aka canza tiyon na sake koyar da ita daga farko. Mako na uku ta yi ƙara kan fankar busarwa da aka manta a kunne har asuba. Baba na fara kira kafin Alhaji.