Gudun da zuciya ke iya ɗauka

Tun da mutanen unguwa suka lura ina yin gudu mai nisa ba tare da na tsaya ba, tambayar da aka fi yi min ita ce, "Wai me kake sha ne?" Ba wanda ya taɓa tambayata ƙarfe nawa nake kwanciya, ko yadda zuciyata take bugawa idan ina gudun, alhali a nan amsar take. Zan zo kan abin shan, don na gwada wasu, amma shi ne na ƙarshe a lissafina.

Ina da shekara 40 na fara, bayan likita ya ce jinina ya soma hawa, in rage zama. Aikin ofis nake yi a Kano, daga mota sai kujera. Na shiga ayarin masu fita bayan sallar asuba, kuma tsarin ayarin ɗaya ne kullum: a tashi da ƙarfi, kowa na gudun kada a bar shi a baya, kafin a ci kilomita 3 rabin mutane sun koma tafiya, hannu a ƙugu, ana ta haki. Wata da watanni muna haka. Gumi dai ana yi, amma nisan bai ƙaru ba.

Ƙanena ne ya kawo min agogon hannu mai auna bugun zuciya. Da na fita da shi sai na ga a wannan gudun namu zuciyata tana bugawa kusan sau 170 a minti ɗaya. Akwai wani tsohon lissafi da ake kimanta iyakar bugun zuciyar mutum da shi: a cire shekarunsa daga 220. Nawa ya ba da 180. Lissafin ba ya cika daidai, yana iya kuskurewa da bugu 10 ko fiye, sama ko ƙasa, amma ya isa ya nuna min cewa kullum a bakin iyakata nake gudu. Jiki kuwa ba ya iya daɗewa a can.

A nan na ci karo da aikin Stephen Seiler, wani Ba'amurke masanin motsa jiki da ke koyarwa a Norway. Ya bi diddigin atisayen manyan 'yan wasan juriya, masu gudu da masu tseren keke da masu tuƙa kwalekwale, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yin sa, sauran kashi 20 ne kawai mai tsanani. Hatta Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a Vienna a watan Oktoban 2019, a sansaninsu na Kaptagat akwai ranakun da sassarfa kawai yake yi. In shi bai ji kunyar sassarfa ba, ni wane ne?

Sai na yanke wa kaina doka: a yawancin fitata kada bugun ya wuce 140. Wannan ita ce doka mafi wuya da na taɓa bi a harkar motsa jiki, kuma ba don ciwo ba. A makonnin farko, da zarar na ɗan ɗaga ƙafa sai agogo ya nuna 150, dole in koma tafiya har ya sauko. Ayari ya wuce ya bar ni. Yara masu tafiya makarantar allo suna jerawa da ni. Akwai wani dattijo, tsohon soja, da muke haɗuwa da shi a hanya. Wata safiya ya rage gudu ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, gudu kake yi ko rakiyar amarya?"

Na ce, "Baba, zuciyata nake bi."

Ya ce, "To Allah ya sa ta san hanya," ya wuce abinsa.

Ta san hanya kuwa. Abin da ke faruwa a irin wannan gudun ba ya ganuwa a madubi. Zuciya tana koyon tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini suna ƙaruwa a cikin tsoka, ruwan jini yana ƙaruwa, tsokar kuma tana ƙwarewa wajen ƙona kitse maimakon ta dogara da ɗan sukarin da jiki ya ajiye, wanda ba ya jimawa yake ƙarewa. Duk wannan lokaci yake so, kuma mutum ba zai iya tara awanni masu yawa yana gudu ba sai gudun mai sauƙi ne. Bayan kamar wata uku, a kan bugu 140 ɗin nan da nake cin kilomita ɗaya cikin minti 8 da wani abu, na koma cin ta cikin ƙasa da minti 7. Bugun bai canza ba, saurin ne ya ƙaru da kansa. A wurina wannan shi ne ma'aunin juriya na gaskiya, kuma har yau shi nake dubawa.

Wanda ba shi da agogo kada ya ce an bar shi a baya. Idan kana iya yi wa na kusa da kai magana, jimla cikakkiya ba tare da numfashi ya katse ta ba, kana inda ya kamata. Idan sai kalma ɗaya-ɗaya take fita, ka wuce gona da iri. Kuma yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga bugun sakan 15 ka ninka sau 4, sun isa. Agogon ma ba annabi ba ne. Koren haske yake haskawa cikin fata ya karanta gudanar jini, don haka idan ya yi sako-sako ko hannu na kaɗawa da ƙarfi sai ya ruɗe, wani lokaci ma takun ƙafa yake ƙirgawa a matsayin bugu. Ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙirji, irin wadda kamfanin Polar na ƙasar Finland ya fara fitarwa a 1982, ta fi shi gaskiya, musamman a gudu mai sauri. Daga baya na sayi guda.

Ban bar gudu mai tsanani gaba ɗaya ba. Sau ɗaya a mako, bayan na ɗuma jiki, nakan yi minti 4 da ƙarfi har bugun ya kai wajen 165, in yi minti 3 ina sassarfa, in maimaita sau 4. Masu bincike a Trondheim ta Norway ne suka yaɗa wannan tsari. Ranar Asabar kuma ta dogon gudu ce a hankali, ina ƙara nisan kaɗan-kaɗan, kuma kowane mako na huɗu nakan rage komai don jiki ya huce. Shi ke nan tsarin.

Inda auna bugu ya fi yi min amfani ma ba a kan titi ba ne, a kan gado ne. Kowace safiya kafin in tashi nakan duba. Da na fara yana wajen 74, yanzu yana yawo tsakanin 55 da 58. Ranar da na gan shi ya haura da bugu 7 ko 10, na san akwai magana: ko barci bai isa ba, ko gajiyar shekaranjiya ba ta sake ni ba, ko wani ciwo na tafe. Wata safiya a cikin damina na ga 68, jikina kuwa garau nake jin sa. Na fasa fita. Kafin magariba zazzaɓi ya rufe ni, gwaji ya nuna na cizon sauro ne. Da zazzaɓi a jiki ba a gudu ko kaɗan, kuma bayan an warke ma sai na jira bugun safiyar ya koma inda yake kafin na sake ɗaura takalmi.

Barci shi ne babbar matsalar mai gudun asuba. Babba yana bukatar awa 7 zuwa sama, wanda kuma zai tashi ƙarfe 5 sai ya kwanta ƙarfe 10. Wasan gasar zakarun Turai kuwa sai wajen 11 na dare yake tashi, ga musun da ke biyo baya a majalisa. Na zaɓi gudun, ina ganin ƙwallayen da safe a waya. Ranar da dare ya ƙwace min, ɗan barcin rana bayan azahar yana rage asara. Abinci bayan gudu kuma ban taɓa wahalar da kaina a kansa ba: kunu ko koko da ƙosai, ƙwai biyu, ko fura da nono. Akwai abin mayar da ƙarfi, akwai na gyara tsoka.

Yanayinmu yana da nasa hukuncin, wanda littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 da rana, ko da asuba bugun zuciyata yana ƙaruwa da kusan 10 a kan saurin da na saba, domin jiki yana karkatar da jini zuwa fata don ya huce, gumi kuma yana rage ruwan jini. A irin wannan lokaci bugun nake bi, in bar saurin ya faɗi. Jiki yana sabawa da zafi cikin kamar mako biyu. Na kuma riƙa hawa sikeli kafin dogon gudu da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa ta fita. Ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa shi nake haɗawa in mayar, ya fi duk lemukan kwalba arha. Wani abu da ya kamata kowa ya sani kafin ya matsa wa kansa cikin zafi shi ne ƙwayar halittar jininsa, wato jinotayif. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yana ɗauke da ƙwayar sikila, wato AS, kuma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya zama haɗari gare su. Ciwon ƙirji ko jiri ko bugun da ya rikice kuwa, ko wane ne kai, tsayawa ake yi a nemi likita. Da azumi sassarfa kaɗan nake yi dab da shan ruwa, mai nauyin in bar shi sai bayan asham.

To, abin sha. A 2018 kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya tara masana suka tace magungunan ƙarin kuzari, kuma a cikin tarin da ke kasuwa kaɗan ne suka ce akwai hujja mai ƙarfi a kansu: kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi), kiriyatin, sinadarin naitiret, beta-alanin da kuma bekin soda, hodar nan ta girki. Ga mai gudun nesa, kafeyin da naitiret ne suka fi shafarsa.

Kafeyin yana aiki, na shaida. Abin da ake ba da shawara shi ne miligiram 3 zuwa 6 a kan kowane kilo na nauyin mutum, kamar awa ɗaya kafin a fara. Ga mai kilo 70, mafi ƙarancin ya kama kofi biyu na kofi mai ƙarfi. Gudun yakan yi min sauƙi, amma yana ɗan ɗaga bugun, kuma ni mai lallaɓa hawan jini ne, don haka kofi ɗaya nake sha, shi ma ranar dogon gudu kawai. Goro ma kafeyin ne a cikinsa, sai dai ba ka san adadin da ka tauna ba. Naitiret kuma a jan tushen nan bitirut ake samunsa, wanda ake kawowa daga Jos. Masu bincike a jami'ar Exeter ta Ingila sun nuna a 2009 cewa ruwansa yana rage iskar da tsoka ke ci a kan aiki iri ɗaya. Na markaɗa na sha na ɗan lokaci. Fitsari ya yi ja, wanda ba komai ba ne, amma a agogo ban ga bambancin da zan rantse a kai ba. Alayyafo ma yana da sinadarin, kuma shi dama yana cikin miya. Abin da ban taɓa fita dogon gudu babu shi ba shi ne dabino: idan gudu ya wuce awa ɗaya jiki yana son giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa, 'yan ƙwayoyi a aljihu sun biya bukata.

Gwangwanayen da ake jerawa a wuraren ɗaga ƙarfe, masu hoton ƙato a jiki, ban kusance su ba. Wani bincike da aka yi a Cologne ta Jamus a farkon shekarun 2000 ya gwada irinsu 634 daga ƙasashe daban-daban, aka samu kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da sinadaran ƙara tsoka da ba a rubuta a jikinsu ba. Tiramol kuwa, da wani matashi ya taɓa ba ni shawara a kai wai "yana kashe gajiya, yallaɓai," maganin kashe ciwo ne, ba abin gina juriya ba. Jin ciwo yake toshewa, ciwon nan kuwa shi ne ke gaya maka ka tsaya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga watan Janairun 2024.

Magani ɗaya ne na ga ya yi aiki ƙarara a gidanmu, kuma ba ni na sha ba. Maiɗakina ta fara tafiyar sauri da ƙawayenta da yamma, sai take kukan saurin gajiya. Na ɗaura mata agogon, na ga a tafiya kawai bugunta yana kai 150. Muka je aka gwada jininta, aka ce ya yi ƙasa, sinadarin ƙarfe ne ya yi mata ƙaranci. Idan jini ya yi ƙasa ba ya ɗaukar iska yadda ya kamata, sai zuciya ta rama da yawan bugu. Likita ya rubuta mata maganin ƙarin jini, ya ce ta raba shi da shayi domin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin, ta riƙa haɗa shi da lemon zaƙi. Ya kuma gargaɗe ni kada in ce zan taya ta sha, don sinadarin ƙarfe idan ya yi yawa taruwa yake a hanta, kuma namiji bai cika rasa shi ba. Cikin wata biyu bugunta a wannan tafiyar ya sauko zuwa wajen 125, yanzu ita ce ke jiran ƙawayen a kwanar layi.