Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: A Ƙafa Zuwa Kabarin Abu Ayyub

Makon jiya na tsaya a inda ni da Kawu muka gama ɗaure dilolin kaya a Laleli, unguwar da 'yan kasuwarmu na Marwa da Garwa ke sauka in sun je Santambul. Mai jigilar kaya ya ce sai bayan Juma'a za a loda. Kawu ya daɗe yana zuwa garin nan, amma daga masauki sai shago, daga shago sai filin jirgi. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya: mutum ya zuba sefa, ya tsallaka Kusiri, ya hau jirgi a Injamena, sannan ya dawo gida bai san komai ba sai farashin abaya.

Na ce, "Kawu, mu je mu ziyarci Abu Ayyub al-Ansari."

Ya ajiye kofin shayi. "Sahabin? A garin nan yake? Kai ɗan nan, ka taɓa faɗa mini?"

A ƙafa muka tafi, duk da gwiwarsa. Muka ratsa ƙarƙashin tsohuwar gadar ruwan Rumawa, ginin ƙarni na huɗu da motoci ke bi ta ƙofofinsa, muka gangara bakin ruwa, muka bi ta unguwar Balat mai gidaje kala-kala da hawa mai karya ƙafa. Can gaba ga ganuwar birnin, wadda Sarki Muhammadu Alfatih ya keta a 1453 yana ɗan shekara 21. Kawu ya dafa dutsen, ya daɗe bai ce uffan ba.

Kabarin na wajen ganuwa, kuma da dalili. Abu Ayyub shi ne wanda taguwar Manzon Allah (SAW) ta durƙusa a ƙofar gidansa ranar shiga Madina, ya saukar da shi har aka gina masallaci. Da tsufansa ya biyo rundunar da ta zo wannan birni zamanin Mu'awiya. Da ciwo ya kama shi, ya yi wasiyya a kutsa da gawarsa iya inda runduna za ta kai, a binne shi can. Alfatih ya gina masallaci a wurin a 1458, kuma a da nan ake ɗaura wa sabbin sarakunan Usmaniyya na Turkiyya takobi.

Mun tarar da harabar cike. Iyaye sun kawo yara maza cikin fararen kayan kaciya, tsofaffi na karatu. Muka yi sallama, muka yi addu'a. Kawu ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce in mun koma Marwa ni zan tsaya in ba Inna labarin tiryan-tiryan, don shi ba zai iya ba.

Dawowa kam bas muka hau, gwiwa ta ce ta gaji. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda muka tsallaka ɓangaren Asiya a jirgin ruwa.