Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Ni na Senna, Yaya na Prost

A makon jiya na tsaya ne a inda kaset ɗin tseren motoci na Formula 1 ya fara shigowa gidanmu ta hannun yayana. Daga nan ɗakinmu ya rabu biyu. Yaya ya riƙe Alain Prost, Bafaranshen da ake wa laƙabi da Farfesa, ni kuma zuciyata ta tafi wajen Ayrton Senna ɗan Birazil, mai hular kwano ruwan ɗorawa. Kowa ya zaɓi wanda halinsu ya zo ɗaya. Yaya mutum ne mai lissafi, ba ya taka ƙafa sai ya auna. Ni kuwa a lokacin jinina tafasa yake.

A 1988 aka haɗa gwanayen biyu a ƙungiyar McLaren mai injin Honda, motar ta ci tsere 15 cikin 16 na shekarar. Senna ya ci takwas, Prost bakwai, kambu ya tafi Birazil. Sai dai Yaya yana da hujjar da bai taɓa gajiya da ita ba: in aka tara duk makin shekarar, Prost yana da 105, Senna 94. Dokar lokacin ce ta ce sakamako 11 mafi kyau kaɗai za a ƙirga, shi ya sa aka tashi Senna 90, Prost 87.

"Kai yaro," ya kan ce, "gwaninka doka ce ta naɗa shi."

"Yaya, ai da dokar suka shiga fili, kuma Farfesa ya fi kowa iya karatu."

In ya ga na kafe, sai ya jawo tseren Monako na shekarar. Senna ya yi wa Prost ratar kusan daƙiƙa hamsin, babu mai bin sa, amma ya ƙi sassauta ƙafa har ya daki shinge a kwanar Portier, ya fita daga motar ya wuce gidansa ba tare da ya ce wa kowa uffan ba. Prost ya karɓi nasara cikin ruwan sanyi. Nan ba ni da ta cewa, sai in koma Monako ɗin 1984, inda Senna yana sabon shiga da motar Toleman da ba a sa ta a lissafi ba, ya riƙa cinye tazara cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, har aka ɗaga jar tuta aka tsayar da tseren yana dab da kama Prost. Abin dariyar shi ne tsayarwar ta sa aka ba da rabin maki, kuma a ƙarshen shekara da rabin maki ɗin Niki Lauda ya ƙwace wa Prost kambu.

Ba a sarki biyu zamani ɗaya. A Suzuka ta Japan, 1989, Senna ya kutsa ta ciki a lanƙwasar ƙarshe, Prost ya rufe ƙofa, motocin suka sarƙe. Prost ya fice. Senna ya sa aka tura shi, ya bi ta hanyar gefe, ya sauya hancin mota, ya kamo Alessandro Nannini da ke kan gaba ya ci tseren. Sai aka soke nasarar, wai ya tsallake lanƙwasa, kambu ya zama na Prost. Shugaban hukumar tseren a lokacin, Jean-Marie Balestre, Bafaranshe ne, kuma duk wani masoyin Senna a duniya da wannan ya kwana. Na yi kwanaki ba na yi wa Yaya magana sai gaisuwa.

Shekara ta zagayo, fili ɗaya, Prost ya koma Ferrari. Senna ya samu gurbin farko, wato wurin tashi na gaban kowa, ya nemi a mayar da gurbin gefen hanya mai tsabta inda taya ke kama ƙasa, aka hana shi. Prost ya riga shi tashi, Senna bai ɗaga ƙafa ba, a kwanar farko ya afka masa, su biyun suka zube cikin tsakuwa, kambu ya zama na Senna. A 1991 da bakinsa ya amsa cewa da gangan ne. Ina son mutumin nan har gobe, amma wannan ba ta da kariya. Gudun da ake yi a wannan kwanar, da motoci sama da ashirin a baya, ba fansa ya ɗauka ba, caca ya yi da rayukan mutane. Masu cewa ramuwa ce kan abin da aka yi masa bara su tuna karon 1989 a lanƙwasa mai tafiyar hawainiya ya faru.

Abin da ya sa duk da haka ban sauka daga kansa ba shi ne Donington, a Ingila, 1993. A shekarar motar Williams ta Prost ta fi kowace mota nesa ba kusa ba, McLaren kuwa ta rasa Honda. Hanya a jiƙe. Senna ya tashi na huɗu, ya faɗo na biyar, kafin a kammala zagayen farko ya wuce Michael Schumacher, da Karl Wendlinger ta waje inda babu mai tsammani, da Damon Hill, da Prost ɗin kansa. Ruwa ya yi ta zuwa yana ɗaukewa, Prost ya shiga sauya taya har sau bakwai, ya ƙare na uku an yi masa zagaye guda cur. Mun kalli wannan zagayen har kaset ya fara ja. Yaya bai ce Senna ya fi ba, ba zai taɓa faɗa ba, amma shi ne mai mayar da kaset ɗin baya.

Prost ya ɗauki kambunsa na huɗu a shekarar, ya ajiye sitiyari da nasara 51. A tseren ƙarshe a Adelaide Senna ne ya ci, ya miƙa hannu ya jawo Prost saman dandamali kusa da shi. Yaya ya kalle ni ya ce, "To, su sun shirya, saura mu."

Kujerar da Prost ya bari a Williams ita Senna ya hau a 1994, daidai lokacin da aka haramta na'urorin kwamfuta masu daidaita motar, ta koma mai gardama a kwana. Ya samu gurbin farko a Birazil da Aida ta Japan, bai ƙarasa ko ɗaya ba, Schumacher na Benetton ya cinye duka biyun. Tsere na uku shi ne na Imola a Italiya, ranar 1 ga Mayu. Yadda labarin ranar ya iske mu, da abin da Yaya ya yi da ya ji, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.