Da ƙafa har ƙololuwar Chappal Waddi

Makon jiya muka dawo Kano daga Taraba, ni da abokan tafiyata, bayan mun hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419, a bakin iyakarmu da Kamaru. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, wanda babu gandun da ya kai shi faɗi a ƙasar nan. Duk wanda na ba labari sai ya ce, "A Najeriyar nan tamu?" Shi ya sa na zauna na rubuta tun abin bai huce ba.

Daga Jalingo zuwa Bali har Serti, inda hedikwatar gandun take, babu abin faɗa. Bayan Serti ne wani jami'i ya tare mu a shinge. Ko sallama bai amsa ba, ya zazzage jakunkunanmu a ƙasa, da ya ga tanti da bargunan kwana sai ya ce wai ma'adinai muka zo nema, don a cewarsa mai hankali ba zai bar gidansa ya zo hawan dutse a banza ba. Akwai dattijo a cikinmu da ya haife shi, amma "kai" yake ta ce masa da tsawa. Wannan ya fi ɓata lokacin ƙona min rai. Sai da muka nuna takardar izinin shiga gandun sannan ya kau da kai.

Daga Mayo Selbe hanya ta fara nannaɗe dutse zuwa tsaunin Mambila, lanƙwasa bayan lanƙwasa, kunne na toshewa. Kana hawa sai ka ga wata duniya: tuddai masu ciyawa iya ganinka, jajayen shanu masu dogayen ƙaho, ga bishiyoyin turare jere. A Nguroje muka sha shayin da ganyensa a nan Kakara ake nomansa. Sanyin da muke kuka da shi a Kano lokacin hunturu, a can sanyin yamma ne kawai. Fiya da ayaba kuwa araha kamar a ce kyauta. Abin da za ka sayi fiya ɗaya a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, can sai a cika maka leda. Amma fetur da sukari da gishiri, duk abin da sai mota ta hauro da shi, tsadarsa sai ka riƙe baki.

A nan na fahimci 'yan acaɓan da suka kai mu Njawai. Da suka faɗi kuɗinsu mun yi ta ja, muna ganin sun ga baƙi ne. Wani matashi a cikinsu ya ce, "Yaya, mu je tukuna. In mun isa ka ga kuɗin ya yi yawa, ka rage da kanka." Hanyar duk ramuka ce da duwatsu da rafuka, wani wurin sai kowa ya sauka a tura babur. Da muka isa ba wanda ya ƙara tayar da zancen ragi. Ina roƙon duk mai zuwa, kada ya matse 'yan acaɓa da masu ɗaukar kaya a ciniki. Guminsu suke ci, kuma gumin mai yawa ne.

Daga nan sai ƙafa. Ma'aikacin gandun na gaba, mu muna biye, a hau tudu a gangara kwari, a cire takalmi a ƙetare ruwan da ke sa ƙafa ta sandare. Muna haki da takalman da muka saya musamman, sai ga mata Fulani da ƙoren nono a ka sun wuce mu da silifas, suna hira. Abin da muka biya kuɗi muka zo yi, su ita ce hanyar kasuwarsu da ta asibitinsu. Na daɗe ina tunanin mai naƙuda a wannan wuri.

Magariba ta same mu a wata ruga. Jauron wurin bai tambaye mu ko su waye ba sai da aka shimfiɗa mana tabarma kusa da wuta, aka kawo tuwon masara da man shanu, da kindirmon da cokali ke tsayawa a cikinsa. Hausarsa kaɗan ce, Fillancinmu babu, amma hira ta yi daɗi har dare ya raba. Ya hana mu kafa tanti, ya ce raɓar wurin ba ta baƙo ba ce, ya tashi samarinsa daga ɗakinsu ya ba mu. Da asuba na miƙa masa kuɗi na ce, "Baffa, ga wannan a saya wa yara goro." Ya mayar da hannuna ya ce, "Ɗana, baƙo ba ya biyan kwana." Da ƙyar ya karɓi tocila da ragowar sukarinmu. A birni yanzu maƙwabci ma sai ya yi shawara kafin ya buɗe maka ƙofa.

Hawan ƙarshe ya fi ko'ina tsauri, ta gefen kurmi mai duhu. Ma'aikacin ya ce akwai birai iri-iri a dajin gandun, har da manyan nan masu kama da mutum, amma mu kukan wasu kawai muka ji daga nesa. A ƙololuwa iska ke kaɗawa ba sassauci, ƙurar hunturu ta rufe rabin abin da ido zai gani, tuddan Kamaru na ɗaya gefen. Muka yi salla, muka ɗauki hotuna, muka juyo.

Gangara ta fi hawa cin gwiwa. A Nguroje muka cika buhu da fiya da ganyen shayi na tsaraba, washegari muka kama hanyar Jalingo.