Abin da littafin ma'aji ya koya mini a ƙungiyar wasan kwaikwayo

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta 'yan sa-kai da ragowar lokacin mutane take rayuwa. Malami ya fito daga aji, ma'aikaciyar ofis ta tashi daga aiki, direba ya ajiye mota, sai a haɗu da yamma a yi rihazal da gajiya a jiki. Tunda ba a biyan kowa, ba a iya korar kowa. Dole darakta ya iya lallashi, ya kuma san wanda zai ba matsayin maigadi don kada ya yi fushi ya daina zuwa. Ni littafin kuɗi nake riƙewa, kuma a nan na ga abin da masu hawa dandamali ba sa gani, musamman tun da muka fara wasa don tallafa wa asibitin yara.

Da zarar an ambaci yara marasa lafiya, tikiti ba ya wahalar sayarwa. Haɗarin ke nan. Sai ka ji wani ya ƙi haddace maganarsa, yana cewa ai don Allah ake yi, ko yaya aka yi ya yi. Ban yarda ba. Wanda tausayi ya kawo shi sau ɗaya zai zo, ya zauna yana duba agogo. Wanda ya yi dariya har da hawaye, baɗi da maƙwabcinsa zai dawo. Asibiti kuwa ba na dare ɗaya ba ne, kullum ana kwantar da yara.

Labarin asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan, wanda aka buɗe a 1852, shi ya ƙara zaunar mini da wannan tunani. A 1929 marubuci J. M. Barrie ya ba asibitin kyautar haƙƙin mallakar wasansa na Peter Pan. Da wa'adin haƙƙin ya ƙare a ƙarshen 1987, sai majalisar dokokin Birtaniya ta sanya a dokar 1988 cewa asibitin zai ci gaba da karɓar kasonsa har abada a duk lokacin da aka yi wasan a ƙasar. Ba gidauniya ɗaya ce ta yi wannan aiki ba. Wasa ne mai kyau da mutane ba su gaji da kallo ba, yana ɗigo kaɗan-kaɗan shekara da shekaru.

Sai lissafi, inda zumunci ya fi saurin ɓaci. Kuɗin ƙofa ba riba ba ne. Akwai hayar zaure, fitilu, lasifika, buga fosta, ɗinkin sutura, ga haƙƙin marubuci idan ba mu muka rubuta wasan ba. Zaure yana iya cika maƙil, a yi ta tafi, amma in an cire waɗannan abin da ya rage kunyar miƙa shi ake ji. Shi ya sa muke neman masu ɗaukar nauyi tun kafin a zaɓi 'yan wasa, kuma mun fi son wanda zai ba mu aron zaure ko ya buga fosta kyauta a kan mai alkawarin kuɗi a gaban makirfo. Alkawarin makirfo, kowa ya san yadda karɓarsa take. Muna kuma faɗa wa jama'a tun farko cewa abin da ya rage bayan biyan ɗawainiya ne zai je asibiti.

A daren wasa, mutum biyu ke ƙirga kuɗi, ba ɗaya ba. Mukan zauna a bayan labule, abokiyar ƙirgata ko kwalliyar tsohuwa ba ta wanke daga fuskarta ba, muna jera gutsuren tikiti bisa lamba, muna haɗawa da abin da ke cikin akwati, sannan dukanmu mu sa hannu. Wasu na ganin wannan kamar zargi ne. A'a, kariya ce ga mai riƙon amana. Kuɗin asibiti kuma asusunsa daban, ba ya kwana da na ƙungiya ko da sunan aro.

Su ma asibitin suna da tsarinsu, kuma ya kamata a tambaya kafin a yi komai. 'Yan wasa kan so shiga ɗakin kwanciya da suturarsu don su faranta wa yara rai, alhali akwai yaran da ko mura aka shafa musu sai ta zama babban ciwo. Hoton yaro ba ya hawa fosta sai da izinin iyayensa, ni a ganina ma gara a bar shi gaba ɗaya. Masu bayarwa sun fi son a sayi na'urar da za a manna wa sunan ƙungiya, amma wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mana kujerar da uwa ke kwana a kai a zaune, gefen gadon ɗanta, ta ce mu fara da nan.