Abin da mai sistik faibrosis zai rubuta a munduwar bayanin lafiyarsa

Filin rubutu a jikin munduwar bayanin lafiya ɗan kaɗan ne. Yawancinsu ba sa ɗaukar fiye da layi 4 ko 5, kowane layi kuma harafi ashirin da 'yan kai. Ga wanda matsalarsa guda ce, kamar wanda jikinsa ba ya shiri da penisilin, wannan ya isa har da ragi. Mai sistik faibrosis kuwa, ciwonsa ya taɓa huhu, hanji, hanta da sinadaran jini, magungunansa a yini sukan cika tafin hannu, don haka dole ya zaɓi abin da zai shiga da abin da zai bari. A nan ne mutane da yawa suke kuskure: sai su rubuta sunansu, da haruffa biyu CF, wato taƙaicen sunan ciwon da Turanci, da lambar wayar gida, su ɗauka an gama.

Al'adar sanya wannan munduwa ta samo asali ne a 1956 a garin Turlock na jihar Kalifoniya, inda wani likita, Marion Collins, ya kafa MedicAlert bayan 'yarsa ta kusa rasa ranta sakamakon gwajin allurar tetanus. Tun daga lokacin manufar ba ta canja ba, wato a gaya wa wanda ya zo ceto abin da zai canja yadda zai yi aikinsa a mintunan farko, lokacin da majinyacin ba ya iya magana. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowace kalma kafin a kai wa mai zanen ƙarfe.

Ga wanda bai san ciwon ba: gadonsa ake yi irin yadda ake gadon sikila, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4. Ƙwayar halittar sunanta CFTR, an gano ta a 1989, aikinta daidaita shige da ficen gishiri da ruwa a ƙwayoyin jiki. Idan ta samu tangarɗa sai kaki ya yi kauri ya manne a huhu, hanyoyin fankiriyas, gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci, su toshe har abinci ya kasa narkewa, gumi kuma ya fita da gishiri mai yawan gaske. Ya fi yawa a tsakanin Turawa. A Birtaniya kaɗai masu shi sun haura 10,000. Amma ana samunsa a ƙasashen Larabawa da Afirka ta Kudu, kuma ana samunsa a cikin 'ya'yan baƙar fata da aka haifa a Turai da Amurka, inda ake gwada jarirai tun a kwanakin farko.

Layin farko na sunan ciwon ne, a rubuta shi cikakke, CYSTIC FIBROSIS, da manyan baƙaƙe. Haruffa biyu suna wadatar da likitan da ke asibitin masu wannan ciwo, amma munduwar ba dominsa aka yi ta ba, shi ya riga ya san majinyacinsa. Domin baƙon ma'aikaci aka yi ta, da ƙarfe ukun dare, a garin da ba a san ka ba. Wannan ya fi muhimmanci ga iyalan da ke zaune a waje suna kawo yara gida hutu. Likita a Kano ko Maraɗi yana iya shekaru bai ga mai wannan ciwo ba, kuma yaro mai tari kullum da rama da yatsu masu kumburin kai, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne tarin fuka.

Bayan sunan ciwo, sauran layukan ana jera su ne gwargwadon abin da zai fi saurin yin kisa.

Na gaba-gaba shi ne maganin da jiki ba ya shiri da shi. Masu wannan ciwo suna karɓar magungunan kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya sau da yawa a rayuwarsu, shi ya sa borin jini da kumburin maƙogwaro daga irin su ceftazidime da piperacillin ya fi yawa a cikinsu fiye da sauran jama'a. Abin takaicin shi ne, waɗannan su ne magungunan da likitan gaggawa zai miƙa hannu ya ɗauko idan ya ga huhu ya kamu. A rubuta sunan maganin takamaimai, kuma a rubuta wanda ya taɓa haddasa mummunan abu kawai. Maganin da ya sa tashin zuciya ko gudawa ba wurinsa ba ne nan. Duk sunan da aka rubuta an rufe wa likita wata ƙofa, alhali ƙwayoyin cutar da ke huhun mai wannan ciwo, musamman Pseudomonas, dama magungunan da ke jin su ƙalilan ne. Wanda tobramycin ko ɗan uwansa ya riga ya taɓa masa ji ko ƙoda, shi ma ya cancanci layi.

Sai ciwon suga. Kusan 1 cikin 5 na matasa masu sistik faibrosis, da kusan rabin manyansu, suna samun wani nau'in ciwon suga na musamman, saboda fankiriyas ya lalace. Insulin ake ba su. Wanda ke yin allurar insulin sugansa yana iya faɗuwa ƙasa da 4 a ma'aunin Birtaniya, ko 70 a ma'aunin Amurka, ya fara gumi da rawar jiki da sambatu, mai wucewa ya ɗauka maye ne. Taƙaicen da likitocin ciwon ke amfani da shi, CFRD, ba kowa ya san shi ba. DIABETES ON INSULIN shi ne abin da kowane ma'aikaci zai gani ya ciro na'urar gwajin suga nan take.

Akwai kuma sitiroyid, wanda aka fi mantawa da shi. Wanda ya daɗe yana shan prednisolone, ko don kumburin da gansakukar Aspergillus ke jawowa a huhu ko bayan dashen huhu, jikinsa yakan daina samar da nasa sinadarin. Haka ma wanda ake haɗa wa itraconazole, maganin gansakuka, da sitiroyid na shaƙa, domin na farkon yana hana hanta sarrafa na biyun. Idan irin wannan mutum ya yi hatsari ko zazzaɓi mai zafi ko amai ya hana shi shan maganinsa, bugun jininsa yana iya zubewa, ƙarin ruwa kaɗai kuma ba zai ɗaga shi ba sai an yi masa allurar hydrocortisone, miligiram 100 ga babba. Kalmomi biyu, STEROID DEPENDENT, sun isa su sa a yi wannan allura a kan lokaci. A Ingila hukumar lafiya ta NHS ta fito da katin gaggawa na musamman don haka a 2020. Katin yana aljihu, munduwa tana nuni gare shi.

Batun oksijin yana buƙatar a tsaya a kansa, domin ya saɓa wa abin da hankali ke bayarwa. Mutum yana haki, abin da kowa zai yi shi ne a buɗe masa oksijin har ƙarshe. Amma wanda huhunsa ya yi nisa da lalacewa, yawan oksijin yana iya sa gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar ta taru a jininsa, sai ya fara gyangyaɗi, a ɗauka ya samu sauƙi, alhali numfashinsa ne ke mutuwa. Ƙa'idar likitocin huhu na Birtaniya ta sanya masu sistik faibrosis cikin waɗanda ke iya shiga wannan haɗari, kuma ga irinsu ana neman oksijin jini ya tsaya tsakanin kashi 88 da 92 cikin ɗari. Sai dai ba kowane mai ciwon wannan ta shafa ba. Kada wani ya rubuta wannan adadi a munduwarsa don ya gani a intanet. Likitansa ne zai faɗa, bayan gwajin jinin jijiya ya nuna haka, in ba haka ba mutum zai hana kansa oksijin da yake bukata. Wanda huhunsa ya taɓa fashewa iska ta taru a ƙirjinsa, ya kamata shi ma a ambata, saboda abin yakan maimaita, kuma iskar rage raɗaɗi ta Entonox da motocin asibiti ke ɗauke da ita tana ƙara faɗaɗa iskar da ta maƙale.

Wanda aka yi wa dashen huhu ko hanta, wannan bayani yana hawa sama kusa da sunan ciwon, tare da cewa yana shan magungunan danne garkuwar jiki irin su tacrolimus. Zazzaɓi kaɗan a jikinsa babban lamari ne.

Sababbin magungunan da ke gyara aikin CFTR sun kawo wata tambaya. Trikafta, wanda Amurka ta amince da shi a 2019, Turai kuma ta karɓa da sunan Kaftrio a 2020, ya canja rayuwar dubban mutane, amma hanta ce ke sarrafa shi, kuma wasu magunguna suna yi masa shisshigi. Rifampicin na tarin fuka, da carbamazepine da phenytoin da phenobarbital na farfaɗiya, suna sa hanta ta ƙone shi da sauri har ya zama kamar ba a sha ba. Clarithromycin da wasu magungunan gansakuka kuma suna sa ya taru fiye da kima, sai an rage adadin da ake sha. A ganina wanda yake da layi a sake ya rubuta sunan maganin, musamman mai yawan tafiya ƙasashen da ake saurin ɗora mutum a kan maganin tarin fuka. Wanda layukansa suka cika da abubuwan da aka ambata a sama, ya bar shi a katin bayanin da zai riƙa ɗauka a aljihu, domin illar wannan shisshigi a kwanaki take bayyana, ba a mintuna ba.

Haka abin yake ga sauran bayanai masu amfani da ba na mintunan farko ba. Ƙwayoyin narkar da abinci irin su Creon, da bitamin, da magungunan shaƙa, kati ne wurinsu. Ɗan akwatin allura da ake dasawa ƙarƙashin fatar ƙirji yana buƙatar allura ta musamman, allurar gama-gari tana yaga robarsa. A rubuta a kati, tare da gefen da yake. Tarihin toshewar hanji ma haka, domin ciwonsa yana zama a ƙasan ciki ta dama, daidai inda afendis yake, kuma maganinsa na farko ruwan wanke hanji ne da ƙarin ruwa, ba wuƙar tiyata ba. Mai ɗauke da ƙwayar cutar Burkholderia cepacia ya kamata asibiti ya sani kafin a ba shi gado, don kada a kwantar da shi kusa da wani mai irin ciwonsa. Ƙa'idar ita ce tazarar mita 2 a ƙalla tsakanin masu ciwon, kuma ɗaki daban ya fi. Layin ƙarshe na munduwar sai ya ce SEE WALLET CARD, wato a duba katin aljihu, sannan lambar waya.

Lambar da ta fi amfani ita ce ta asibitin da ke kula da mai ciwon, wadda ake ɗauka dare da rana, kafin ta ɗan uwa. Ɗan uwa zai ce yana shan wani farin magani da safe. Ma'aikacin asibitin zai faɗi sakamakon gwajin kakin da aka yi na ƙarshe da maganin da ya yi aiki. A sa lambar ƙasa a gaba, +44 ko +1, in ba haka ba ranar da aka tsallaka iyaka lambar ta zama ado. Adireshin gida da ranar haihuwa ba su da wurin zama a abin da kowa a cikin bas zai iya karantawa.

Game da ƙarfen kansa, gishirin gumin mai wannan ciwo yana da yawan da yakan bushe ya bar fari-fari a fata. Azurfa tana yin baƙi da wuri, ƙarfen da aka yi wa ruwan zinare yana ɓarewa, wanda ke sakin nikel a fata kuma yana iya sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Ƙarfen da ba ya tsatsa, samfurin 316L, ko taitaniyam, su ne masu jurewa. Rubutun da aka ƙona da lesa ya fito baƙi ya fi karantuwa da tocilan fiye da wanda aka kankara kawai. Alamar sanda da maciji, ko tauraro mai kusurwa shida, ta fito fili a sama. Munduwar da aka ƙawata har ta koma kayan kwalliya, ido yana tsallake ta. A auna wuyan hannu a ƙara kamar santimita ɗaya da rabi, yadda yatsa ɗaya zai shiga ƙarƙashi. A sake aunawa idan jiki ya canja, domin masu fara Kaftrio da yawa suna ƙara nauyi a watannin farko. Idan an sa bututun allura mai tsawo a hannu ɗaya, munduwa ta koma ɗayan.

Ga ƙananan yara ta roba mai laushi ta fi, ko ɗan allon da ake maƙalawa a igiyar takalmi. Sarƙar wuya ba ta dace da yaro ba saboda shaƙewa. Ta roba tana riƙe danshi a ƙarƙashinta, Pseudomonas kuwa danshi yake so, don haka a riƙa cire ta ana wankewa da sabulu, a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar. Mai alwala ya motsa ta ruwa ya ratsa, sannan ya goge wurin.

Masu lambar QR da masu ɗauke da filas suna da farin jini yanzu, saboda suna ɗaukar bayani mai yawa kuma ana iya sabunta shi. Matsalarsu ita ce ta farko sai da intanet da ma'aikacin da ke da lokacin ciro waya, ta biyun kuma asibitoci da yawa sun hana a soka baƙon filas a kwamfutocinsu. Shafin bayanin gaggawa da ke cikin iPhone da wayoyin Android, wanda ake buɗewa ko waya na kulle, ya cancanci a cika shi, amma waya tana fashewa a hatsari, caji yana ƙarewa. Duk waɗannan ƙari ne a kan rubutun ƙarfe.

Mai shirin aikin Hajji ko Umara, ko zuwa gida a watan Afrilu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, yana da wani haɗari na daban: gishirin jikinsa yana ƙarewa ta gumi, sai kasala da ciwon kai da amai da ruɗewa, kuma shan zallan ruwa yana ƙara tsarma ɗan gishirin da ya rage. Kafin tafiya a tambayi likita adadin ƙwayoyin gishirin da za a ƙara, a yi munduwa ta biyu ta roba mai arha da ke cewa SALT LOSS RISK, wato haɗarin ƙarewar gishiri, a kuma fassara katin aljihu zuwa Larabci ko Faransanci gwargwadon ƙasar da za a je. 

Rubutun ƙarfe ba ya sabunta kansa. Lokacin duba lafiya na shekara-shekara da asibitocin ciwon ke yi, a cire munduwar a miƙa wa likita ko ma'aikaciyar jinya su karanta layi-layi. Idan an fara insulin, ko an daina sitiroyid, ko lambar asibiti ta canja, a yi sabon allo a makon, kafin ya iso kuma a gyara katin aljihu da biro a sa kwanan wata.